Fumfuna da laimar kwaɗi: Halittun da ba tsirrai ba ne, ba kuma dabbobi ba

Idan damina ta kankama a ƙasar Zuru da ke kudu maso gabashin jihar Kebbi, akan wayi gari a ga laimar kwaɗi ta fito a gindin suri ko a jikin ruɓaɓɓen kututture, a wurin da jiya babu komai. Bayan kwana biyu ko uku sai ta yanƙwane ta ɓace.

A wannan lokaci ne kuma burodi ke yin fumfuna tun bai kwana uku ba, sannan idan kaka ta gabato manomi kan tarar da wasu zangarnun dawarsa sun koma baƙin gari, abin da ake kira burtuntuna.

Ga mai kallo da ido, babu abin da ya haɗa waɗannan abubuwa uku. To amma a wajen masana kimiyya dangi ɗaya ne, wanda suke kira fungi da harshen Latin. A cikin dangin har da yistin da ke kumbura ƙullin burodi da fanke, da ƙwayoyin da ke haddasa ƙyasfi da makero da ƙora a jikin mutum.

Kawo yanzu dai an bai wa nau'o'i sama da 150,000 suna. Wani ƙiyasi da masana biyu, David Hawksworth da Robert Lücking, suka fitar a shekarar 2017 ya nuna cewa adadin da ke duniya zai kai tsakanin miliyan 2.2 zuwa miliyan 3.8. Wato abin da aka sani bai kai kashi ɗaya cikin goma ba.

Ba su da baki, ba su da ganye

An daɗe ana lissafa su cikin tsirrai, saboda ba sa motsi kuma daga ƙasa suke fitowa. Haka Carl Linnaeus, masanin nan ɗan ƙasar Suwidin da ya tsara yadda ake raɗa wa halittu suna, ya ajiye su a ƙarni na 18. Sai a shekarar 1969 ne wani Ba'amurke, Robert Whittaker, ya ware musu rukuninsu na daban, kuma a kan haka aka tsaya.

Babban dalilin shi ne abinci. Tsiro yana haɗa abincinsa da kansa daga hasken rana da ruwa da iska, ta hanyar koren sinadarin da ke cikin ganyensa. Fumfuna ba ta da wannan sinadari, don haka dole ta ci abin da wata halitta ta riga ta tanada, kamar yadda dabba ke yi.

Sai dai dabba haɗiye abinci take yi ta narkar da shi a ciki. Ita kuwa fumfuna a waje take narkar da nata. Tana fitar da wani ruwa mai narkarwa a kan itace ko ganye ko ƙwayar hatsi, idan abin ya narke sai ta tsotse. Abin da ake kira ruɓewa, a mafi yawan lokuta, cin abincin waɗannan halittu ne tare da bakteriya.

Hatta bangon da ya kewaye ƙwayoyin halittarsu ba irin na tsiro ba ne. An gina shi da sinadarin kaitin, wanda shi ne ke cikin ɓawon fara da kyankyaso.

Ainihin jikin halittar zare ne, siriri ƙwarai, wanda ba a iya ganin guda ɗaya sai da madubin ƙara girman abu. Zaren yana tsawo ne ta bakinsa kawai, yana rassa, rassan suna sarƙewa har su zama kamar saƙar gizo-gizo a cikin ƙasa ko cikin itace. Wanda ya taɓa ɗaga tulin ruɓaɓɓen karan dawa ya ga wani farin abu kamar auduga a ƙarƙashi, to ya ga wannan saƙa.

Laimar da ke fitowa sama kuwa 'ya'ya ce kawai, tamkar mangwaro a jikin bishiya. Tsinke ta ba ya kashe uwar da ke ƙasa. Saƙar kan yi faɗi fiye da yadda ake zato: a wani daji da ke jihar Oregon ta Amurka an auna guda ɗaya da ta mamaye fili na kimanin murabba'in kilomita 9.

Yisti ne ya fita daban. Shi ƙwaya ɗaya ce tak, ba ya yin zare. Yakan fitar da ɗan ƙullutu a gefensa, ƙullutun ya girma ya ɓalle ya zama sabon yisti, kuma idan ya sami sukari da ɗumi yakan ninka yawansa cikin kimanin sa'o'i biyu. Iskar da yake fitarwa yayin cin sukarin ce ke kumbura ƙulli.

Daga ƙura zuwa laima

Fumfuna ba ta yin fure, ba ta da iri mai ɓawo kamar gero ko wake. Tana yaɗuwa ne da wata ƙura mai laushi, wadda kowace ƙwayarta za ta iya zama sabuwar halitta. Wani masani a birnin Fulorens na Italiya, Pier Antonio Micheli, shi ne ya bayyana haka a wani littafi da ya wallafa a shekarar 1729, bayan ya barbaɗa ƙurar a kan yankakkun 'ya'yan itatuwa ya ga irin fumfunar da ya ɗebo ce ta sake fitowa.

Idan aka kifa laimar kwaɗi za a ga wasu siraran shafuka a jere a ƙarƙashinta. A jikinsu ake ƙera ƙurar, kuma laima ɗaya mai matsakaicin girma tana iya zubar da biliyoyi kafin ta bushe. Iska ce ke kwashe su. Kusan dukkansu asara suke bi, domin sai wadda ta faɗa inda akwai danshi da abinci ce ke tsira.

Wadda ta dace takan fitar da zare, zaren ya bazu. Amma a yawancin nau'o'in shi kaɗai ba zai iya yin laima ba, sai ya haɗu da zaren wata ƙwayar da jinsinta ya dace da nasa.

A nan ne wani abin mamaki ke faruwa. A jikin dabba, da zarar ƙwayar namiji da ta mace sun haɗu, cibiyoyinsu masu ɗauke da gado kan narke su zama ɗaya. A wajen laimar kwaɗi kuwa zaren biyu kan haɗe, amma cibiyoyin su ƙi haɗuwa. Sai su zauna kafaɗa da kafaɗa a cikin kowace ƙwayar halitta, bibbiyu, su yi ta rarrabuwa a haka na tsawon watanni, wani lokaci ma shekaru.

Sai ruwan sama ya jiƙa ƙasa sosai sannan saƙar ta dunƙule ta yi ƙullutu. Da yake an riga an gina sassan laimar tun tana dunƙule, abin da ya rage kawai ta zuƙi ruwa ta kumbura, shi ya sa take fitowa cikin dare ɗaya. A jikin shafukan nan na ƙarƙashi ne a ƙarshe cibiyoyin biyu ke haɗuwa, su cakuɗa gadonsu, su rabu gida huɗu, kowane kaso ya zama ƙwayar ƙura. Daga nan sai zagayen ya sake farawa.

Maganar namiji da mace ma ba ta cika aiki a nan ba. Akwai wata ƙaramar farar laima mai kama da mahuci, wadda ke fitowa a jikin busassun itatuwa a kusan ko'ina a duniya, mai suna Schizophyllum commune. Masana sun lissafa mata jinsi sama da 23,000.

Fumfunar burodi da ta hatsi ba sa jiran duk wannan. Zarensu kan miƙe sama ya fitar da ƙura kai tsaye ba tare da haɗuwa da kowa ba, cikin kwanaki kaɗan. Launin kore ko baƙi ko ruwan ɗorawa da ake gani a kan abincin da ya lalace, launin ƙurar ne. Kafin a gan shi, zaren ya riga ya ratsa cikin abincin, don haka kankare saman ba ya wadatarwa.

Asalinsu a cewar masana

Binciken sinadaran gado da aka soma zurfafawa a farkon shekarun 1990 ya zo da sakamakon da ba a zata ba. A shekarar 1993 Sandra Baldauf da Jeffrey Palmer suka wallafa wani nazari da ya nuna cewa fungi sun fi kusanci da dabbobi a kan tsirrai. Nazarce-nazarcen da suka biyo baya sun ƙarfafa wannan matsayi.

Masana sun ce a cikin ruwa dangin ya faro. Hujjarsu ita ce har yau akwai wani tsohon reshe nasa da ke zaune a ruwa da laka, wanda ƙwayoyin ƙurarsa ke da wutsiya guda suna iyo da ita. Wani nau'i daga wannan reshe, wanda aka bayyana a 1999, yana kama fatar kwaɗi, kuma ya yi sanadin raguwar ɗaruruwan nau'o'insu, musamman a Latin Amurka da Ostireliya.

Da yake jikinsu taushi ne da shi, ba su cika barin burbushi a cikin duwatsu ba. Duk da haka a shekarar 2019 an ba da rahoton gano wasu zaruruwa a arewacin Kanada da aka ƙiyasta shekarunsu tsakanin miliyan 900 zuwa biliyan ɗaya. Shekara guda bayan haka aka bayyana wasu daga yankin Mbuji-Mayi na Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango, masu shekaru tsakanin miliyan 715 zuwa 810.

Shaidar da ta fi fitowa fili ita ce ta ƙauyen Rhynie da ke Sukotland. A cikin duwatsun wurin, masu shekaru kimanin miliyan 407, an ga zaren fungi a cikin jikin tsirran farko da suka zauna a doron ƙasa. Tsirran ba su da saiwa ta sosai, kuma masana na ganin cewa da taimakon wannan zare ne suka iya samun abinci daga ƙasa.

Abokan manomi da ba ya gani

Wannan alaƙa ba ta yanke ba. Kimanin kashi 80 cikin 100 na nau'o'in tsirran duniya suna zaune ne da fungi a saiwoyinsu, ciki har da dawa da gero da masara da wake da gyaɗa, wato kusan duk abin da ake nomawa a ƙananan hukumomi huɗu na masarautar Zuru: Zuru da Fakai da Sakaba da Danko/Wasagu.

Ciniki ne tsakaninsu. Zaren yana kutsawa cikin ƙananan kafofin ƙasa da saiwa ba za ta iya shiga ba, ya jawo ruwa da sinadarin fosfarus ya miƙa wa tsiron. Shi kuma tsiron ya biya da sukari. Ƙarancin fosfarus na daga cikin manyan matsalolin ƙasar noma a yankin sabana na Afirka ta Yamma, saboda haka aikin ba ƙarami ba ne.

Gara ma manomiya ce. Nau'in da ke gina manyan surori ba ta iya narkar da duk karan da take kwasowa, sai ta tauna shi ta gina wasu ɗakuna masu kama da saƙar zuma a cikin surin, ta shuka wani nau'in fungi da ake kira Termitomyces. Shi zai narkar da karan, ita kuma ta ci. A yawancin nau'o'in, idan shinge ya tashi ya kafa sabon gida, ma'aikatan farko kan fita su tsinto ƙurar daga waje su fara sabuwar gona. Masana sun ƙiyasta cewa wannan noma ya faro ne a dazuzzukan Afirka kimanin shekaru miliyan 30 da suka wuce.

Laimar da ke fitowa a gindin suri daga wannan gona take, kuma al'ummomi da dama a Najeriya da sauran ƙasashen Afirka suna cin ta. Wani nau'inta da aka bayyana daga Zambiya a 1980 faɗin laimarsa kan kai mita guda.

To sai dai a nan akwai haɗari. Babu wata alama guda, ko ta launi ko ta ƙanshi, da ke raba mai guba da marar guba, kuma dafawa ba ta kashe gubar da dama daga cikinsu. Akwai wata babbar farar laima da ke fitowa a filayen ciyawa na ƙasashe masu zafi, wadda shafukanta ke komawa kore-kore idan ta tsufa, tana haddasa amai da gudawa mai tsanani. Wasu kuma hanta suke lalatawa, kuma alamun ba sa bayyana sai bayan sa'o'i da dama.

A ɓangaren magani, daga fumfuna aka samo fenisilin, bayan Alexander Fleming ya lura a 1928 a birnin Landan cewa ta hana bakteriya tsira a kewayenta. Amma cututtukan da fungi ke haddasawa suna da wuyar magani, saboda ƙwayoyin halittarsu sun yi kama da na mutum, abin da zai kashe su sau da yawa yakan taɓa majiyyacin. A watan Oktoban 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jerin nau'o'i 19 da ta ce sun fi zama barazana, musamman ga masu raunin garkuwar jiki.

Burtuntuna da gubar cikin rumbu

Burtuntuna misali ce ta yadda sanin zagayen rayuwar halitta ke ba da damar karya ta. Baƙin garin da ke cikin zangarniya ƙurar iri ce. A wajen sussuka takan fashe ta manne a jikin lafiyayyun ƙwayoyin dawa, ta kwana a rumbu tare da su. Idan aka shuka, sai ta tsira tare da dawar, zarenta ya shige cikin ɗan tsiron ya yi ta binsa sama ba tare da wata alama ba. Sai dawa ta fitar da kai sannan a ga ɓarna.

Da yake nau'in da ya fi yawa a jikin iri yake tafiya, cuɗa irin da garin magani kafin shuka yana tare shi. Cire zangarnun da suka kamu kafin a haɗa su da sauran a masussuka shi ma yana rage ta.

Burtuntuna dai ana ganinta. Wadda ta fi haɗari ita ce wadda ba a gani.

A shekarar 1960 talotalo kimanin 100,000 suka mutu a Ingila cikin 'yan watanni. Da aka bi diddigi sai aka gano cewa an ciyar da su ne da tunkuzar gyaɗa da aka shigo da ita daga Barazil, wadda wata fumfuna mai launin kore da ɗorawa, Aspergillus flavus, ta kama. Daga sunanta aka raɗa wa gubar suna afalatoksin.

Wannan fumfuna a cikin ƙasa take zaune, tana cin ragowar amfanin gona, kuma tana jure rani ta hanyar dunƙulewa ta zama wasu ƙananan ƙwallaye masu tauri. Tana son zafi. Tana samun shiga gyaɗa da masara tun a gona, musamman idan ruwa ya ɗauke ana dab da nuna, ko kuma ƙwari sun huda ƙwayar. Idan aka shanya amfanin a ƙasa, ko aka zuba shi a rumbu ko buhu bai gama bushewa ba, sai ta ci gaba da yaɗuwa.

Gubar ba ta da wari, kuma tafasawa ko suya ba sa kawar da ita. Tana bin gyaɗa zuwa ƙuli-ƙuli da kunu, tana bin masara zuwa tuwo da koko. Idan saniya ta ci dusar da ta gurɓata, wani kaso yakan fito a madararta.

Idan aka ci da yawa lokaci guda tana kashe hanta. A shekarar 2004 mutane 125 suka mutu a gabashin Kenya daga cikin 317 da suka kamu, bayan sun ci masarar da aka adana da danshi. Amma abin da ya fi damun masana shi ne cin kaɗan-kaɗan na shekara da shekaru. Cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya da ke Liyon a Faransa ta sanya afalatoksin cikin rukunin farko na abubuwan da aka tabbatar suna haddasa daji, kuma haɗarin dajin hanta yana ninkuwa sosai ga mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B, wanda ya yawaita a Najeriya. An kuma danganta ta da tsumburewar yara.

Akwai kuma asarar kasuwa. Tarayyar Turai ba ta karɓar gyaɗar ci da gubar cikinta ta wuce kashi 4 cikin biliyan, Amurka kuma ta tsaya a kan kashi 20.

Mafi yawan matakan kariya ba sa buƙatar kuɗi mai yawa. Girbi a kan lokaci, shanya a kan tabarma ko tamfol ba a tsurar ƙasa ba, tsince ƙwayoyin da suka motse ko suka canja launi, da ɗora buhuna a kan katako nesa da bango. Masara tana buƙatar danshinta ya sauka zuwa kimanin kashi 13 cikin 100 kafin a adana, gyaɗa kuma ƙasa da haka. Inda babu na'urar awo, malaman gona kan koyar da wata dabara: a zuba hatsi da busasshen gishiri a cikin busasshiyar kwalba, a rufe a girgiza, idan gishirin ya manne a jikin kwalbar to hatsin bai bushe ba. Ƙwayoyin da aka tsince kuwa bai kamata a ba kaji ko a kai su markaɗe ba, wanda a nan ne galibi ake yin kuskure, domin gyaɗar da ba ta saidu ba ita ce ke ƙarewa a tukunyar ƙuli-ƙuli.

Zuru na da Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya, wadda aka kafa a shekarar 2020 a harabar tsohuwar Kwalejin Aikin Gona ta garin, kuma irin wannan ilimi na daga cikin abin da manoman yankin za su sa ran samu daga gare ta.

Dabarar da ta fi jan hankali dai daga cikin dangin fumfunar kanta ta fito. Ba kowace Aspergillus flavus ce ke yin guba ba. Masu bincike a Cibiyar Nazarin Aikin Gona ta Ƙasa da Ƙasa, IITA, da ke Ibadan, tare da takwarorinsu na ma'aikatar gona ta Amurka, sun zaɓo iri huɗu marasa guba daga ƙasar noma ta Najeriya, suka haɗa wani magani mai suna Aflasafe, wanda hukumar NAFDAC ta yi wa rajista a 2014.

A jikin ƙwayar dawa ake ɗora ƙurar, bayan an gasa dawar don kada ta tsira, an kuma rina ta shuɗiya don kada a ci. Manomi zai watsa kilo 10 a kowace hekta, makonni biyu zuwa uku kafin masara ko gyaɗa ta yi fure. Marasa gubar sai su cinye dawar, su fitar da ƙura, su riga masu gubar mamaye gonar. Gwaje-gwajen da cibiyar ta gudanar a gonakin manoma sun nuna raguwar gubar da kashi 80 cikin 100 ko fiye, a lokacin girbi da kuma bayan an adana.